An haura rukuni na sama, biki ya ƙare, saura lissafi

Ranar 30 ga Afrilun 2019 magoya bayan Bury suka kwana suna murna. Ƙungiyarsu ta samu makin da take nema, ta tabbatar da haurawa daga League Two zuwa League One, wato daga rukuni na huɗu zuwa na uku a ƙwallon ƙafar Ingila. Wata huɗu bai cika ba, ranar 27 ga Agusta, hukumar EFL, mai kula da rukuni na biyu zuwa na huɗu, ta kore ta daga gasar ɗungurungum, ko wasa ɗaya ba ta buga a sabon rukunin ba. Ƙungiya ce da aka kafa tun 1885, wadda ta ɗauki Kofin FA sau biyu, a 1900 da 1903. Ashe lokacin da ake ta cin wasa ana tafi, albashin 'yan wasa da na ma'aikata ba ya zuwa kan kari, bashi ya kai wuya, har an sayar da ƙungiyar kan fam ɗaya tal a Disambar 2018. Kocin da ya haurar da ita, Ryan Lowe, ya tattara ya koma Plymouth, 'yan wasa suka watse, aka zaftare mata maki 12 tun kafin a busa usur.

Duk mai goyon bayan ƙaramar ƙungiyar da ta haura, ya kamata ya riƙe wannan labarin a zuciya kafin ya fara jero sunayen 'yan wasan da yake so a sayo. Tambayar da muke gaggawar yi ita ce, wa za a kawo? Wadda ta fi ta muhimmanci ita ce: in aka faɗo baɗi, ƙungiyar za ta faɗo a kan ƙafafunta ko kuwa wuyanta zai karye? A ganina da wannan mizanin ya kamata a auna duk wani mataki da shugabanni za su ɗauka tsakanin Mayu da Agusta.

A fara da lokaci, domin shi ne abin da ya fi ƙaranci. Wanda ya haura kai tsaye yakan san matsayinsa tun cikin Afrilu. Wanda ya bi ta wasannin cike gurbi kuwa sai ƙarshen Mayu. A 2023 Burnley ta tabbatar da komawa Firimiya ranar 7 ga Afrilu, ita kuwa Luton Town sai ranar 27 ga Mayu ta doke Coventry a bugun fenariti a Wembley. Tazarar mako bakwai ke nan, kuma a cikin makwannin nan ne ake kammala cinikin 'yan wasa masu kyau da kwantiraginsu ya ƙare, waɗanda ba a biyan ko sisi wajen ɗaukarsu. Ƙungiyar da ta san aikinta tana rubuta jerin sunaye biyu tun watan Janairu, ɗaya na in an haura, ɗaya na in an zauna. Wadda ta bari sai an ɗaga kofi sannan ta fara buga wa wakilan 'yan wasa waya, ragowar kasuwa za ta tarar, da tsada kuma. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin a leƙa waje ma, akwai na cikin gida. Kwantiragin 'yan wasa a Ingila yakan ƙare ne ranar 30 ga Yuni, kuma wanda ya kai shekara 24 yana iya tafiya kyauta. Cambridge United ta ɗanɗana wannan a 2021. Paul Mullin ya ci mata ƙwallo 32 a gasar League Two, ya haurar da ita League One, kwantiraginsa ya ƙare, sai ya sauka har rukuni na biyar ya koma Wrexham. Ɗan wasan da ake ganin yana cikin ƙashin bayan tawaga, tun kafin Kirsimeti ake zaunar da shi a sabunta masa takarda, lokacin da farashinsa bai tashi ba. Sannan ga 'yan aro. Doka ta yarda ƙungiyar EFL ta sa 'yan aro har biyar cikin tawagar ranar wasa, kuma ƙananan ƙungiyoyi da yawa da yaran manyan ƙungiyoyi suke haurawa. Ana gama biki masu kaya za su karɓi kayansu. Kafin mai goyon baya ya ce tawagarmu ta isa, ya cire 'yan aro da waɗanda kwantiraginsu ya ƙare, ya sake ƙirgawa. Sau da yawa goma sha ɗayan da yake alfahari da su, bakwai ne suka rage.

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne rubuta sabon kwantiragi. Kuɗin sayen ɗan wasa sau ɗaya ake jin zafinsa, ko a rarraba shi kashi-kashi. Albashi kuwa kowane wata yana nan, ko an ci ko an sha kashi. A ba ɗan shekara 31 kwantiragin shekara uku a kan albashin rukunin sama, ba tare da sharaɗin ragewa in an faɗi ba, to an ɗaure ƙungiyar da igiyar da ba mai kwance ta: in aka faɗo ba wanda zai saye shi a wannan albashin, shi kuma ba zai tafi ya bar haƙƙinsa ba, kuma ba laifinsa ba ne. Abin da ya dace shi ne albashi madaidaici, a ɗora garaɓasa mai kauri kan yawan wasannin da ya buga da kuma tsira daga faɗuwa, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa in an koma ƙasa albashi zai koma ƙasa. Wakilin da ya ƙi wannan sharaɗin ya gaya maka abin da yake hasashe game da ƙungiyarka. Dogon kwantiragi na matashi ne ɗan shekara 21 zuwa 24, wanda ko an faɗi za a iya sayar da shi da riba.

Wanda ya faɗo daga Firimiya yana da katifar da zai faɗa a kai. Ana ba shi kashi 55 cikin ɗari na rabon kuɗin talabijin da ake yi daidai-wa-daida a shekarar farko, kashi 45 a ta biyu, sai kashi 20 a ta uku in ya wuce kaka ɗaya a sama. Wanda ya faɗo daga League One ba shi da wata katifa mai wannan kaurin. Shi ya sa kwaikwayon manya ya fi yi wa ƙanana illa.

Akwai kuma kuɗin da ba ya cin ƙwallo, amma dole a kashe shi. A rukuni na biyar an yarda a yi wasa kan ciyawar roba, EFL kuwa ba ta yarda ba. Harrogate Town da ta haura a 2020 sai da ta tone filinta, ta buga wasanninta na farko na gida a filin Doncaster kafin ciyawa ta kama. Sutton United ma ta tone nata a 2021, Bromley a 2024. Asarar ba ta tsaya ga kuɗin tonewa da shukawa ba. Filin roba ana ba da shi haya safe da yamma duk mako, ƙungiyoyin yara da na mata suna atisaye a kai, ita kanta babbar tawagar nan take atisaye. Ciyawar gaske ba ta jure haka, saboda haka a rana ɗaya an rasa kuɗin haya, kuma an koma neman filin atisaye da za a biya. Sutton ta yi kaka uku ta koma inda ta fito a 2024. A sama ma haka abin yake: sai da Luton ta rushe ɓangare guda na filin Kenilworth Road ta sake ginawa don samar da wurin kyamarori da 'yan jarida, aikin da ya ci kusan fam miliyan 10, har aka ɗage wasanta na farko na gida da Burnley.

Sai mu zo cikin fili, inda mu 'yan kallo muke ganin mun fi koci sani. Tawagar da ta haura ta saba cin wasa 26 ko 27 cikin 46. A sabon rukuni, maki 50 ake hari don a tsira, wato misali cin wasa 12 da canjaras 14. A lissafa abin da ya rage: shan kashi sau 20. Kuma ko hamsin ɗin ba tabbas, don Birmingham ta faɗi daga Championship, wato rukuni na biyu, da maki 50 cif a 2024. A League One ma huɗu ke faɗuwa, ba uku ba. Ƙungiyar da aka gina don ta riƙe ƙwallo ta kai hari, yanzu za ta shafe rabin wasanninta tana bin ƙwallo a ƙafar wasu. Burnley ta haura da maki 101 ƙarƙashin Vincent Kompany, ta samu 24 a Firimiya. Southampton ta dage kan fara taɓa-taɓa daga gaban ragarta, ta ƙare kakar 2024/25 da maki 12. Dalilin a bayyane yake. A ƙasa, in ɗan baya ya ba da ƙwallo ba daidai ba, sau da yawa ɗan gaban abokan hamayya zai ɓarar. A sama, kuskure ɗaya ƙwallo ɗaya. Ba ana cewa koci ya watsar da salonsa ba ne, amma wanda ba shi da hanya ta biyu ranar da aka matse shi a gaban ragarsa, taurin kai yake yi da sunan aƙida.

Saboda haka in kuɗin na mutum huɗu ne, gola da ɗan baya mai gudu da ɗan tsakiya mai tare hanya su ne kan gaba, ɗan gaba ya biyo baya, duk da cewa shi ne yake sa a sayi riga. Sai bugun kwana da bugun tazara da doguwar jifa, waɗanda su ne hanya mafi arha ta cin wanda ya fi ka, don atisaye suke buƙata ba miliyoyi ba. Brentford ta buɗe kakarta ta farko a Firimiya a Agustan 2021 da doke Arsenal 2-0, ƙwallo ta biyu daga doguwar jifa ta fito. A bazarar nan mutum kaɗan ta ƙara, cikinsu har da Frank Onyeka da Yoane Wissa da Kristoffer Ajer, ta bar ginshiƙan tawagarta yadda suke, ta ƙare ta 13. A kwatanta da Fulham da ta kashe sama da fam miliyan 100 a 2018, ta ajiye waɗanda suka haurar da ita a benci, ta yi koci uku a kaka guda, ta faɗi. Ko Sheffield United da ta bi ɗaya gefen a 2023, ta sayar da Iliman Ndiaye da Sander Berge dab da fara gasa, aka zura mata ƙwallo 104.

Na san amsar da za a ba ni: Nottingham Forest fa? Gaskiya ne. Ta ɗauko sama da 'yan wasa 20 a bazarar 2022, har da Taiwo Awoniyi, ta tsira, ta zauna. Amma a karanta labarin har ƙarshe. A Maris ɗin 2024 an cire mata maki huɗu saboda asararta ta haura fam miliyan 61 da doka ta ƙayyade mata, kuma tana da mai gida, Evangelos Marinakis, wanda aljihunsa zai iya ɗaukar asarar ko da cacar ba ta ci ba. Haka Wrexham, da ta haura sau uku a jere daga 2023 zuwa 2025. Shahararrun masu ita sun jawo mata kuɗin talla da ba wata ƙungiyar rukuninta da za ta yi mafarkinsa. Wanda kuɗin shigarsa tikiti ne da 'yan kamfanonin gari, in ya ce zai yi gudun waɗannan, Bury yake nufa.

Hujjar da ta fi ba ni wahala ita ce Luton. Ta yi duk abin da ake cewa a yi: ba ta yi almubazzaranci ba, ta riƙe kocinta Rob Edwards bayan faɗuwa a 2024, amma duk da haka ta sake faɗuwa a 2025, da maki 49, bambancin ƙwallaye ne kawai ya raba ta da Hull. Tsimi ba ya hana faɗuwa, kuma tawagar da ta saba shan kashi shekara guda ba ta warkewa don kawai an koma ƙasa. Sai dai Luton ta sauka League One tana biyan albashi, ga shirin sabon fili a Power Court. Ƙungiyar da a 2014 take rukuni na biyar ce fa. Ciwo ne, amma irin wanda ake tashi.

Jarrabawar magoya baya kuwa a watan Oktoba take zuwa, lokacin da aka yi wasa goma aka ci biyu, ana buga Asabar ana buga Talata, 'yan wasa uku suna jinya, aka fara rera a kori koci. Wani lokaci korar takan yi amfani: Bournemouth ta sallami Scott Parker bayan wasa huɗu a 2022, ta kuma tsira. Amma a kakar nan dai Forest tana ƙasan teburi ta ƙara wa Steve Cooper kwantiragi, ita ma ta tsira. Burnley ta faɗi da Sean Dyche a 2015 ba ta kore shi ba, ya dawo da ita a 2016, ya kai ta mataki na bakwai a 2018. Kafin a ɗaga murya a duba abu uku: da tazarar ƙwallo nawa ake shan kashi, da su wa aka buga, kuma maki nawa aka ƙwata a hannun ƙungiyoyi shida ko bakwai da ake kokawar tsira da su. In ana faɗuwa da ƙwallo ɗaya a hannun na saman teburi, ana kuma cin 'yan dagaji a gida, lissafin maki 50 yana nan daram. Korar koci a ƙaramar ƙungiya kuwa tana nufin a biya shi ragowar kwantiraginsa, a biya mataimakansa, sabon ya zo da nasa mutanen ya kuma nemi 'yan wasa huɗu a Janairu, duk daga asusun da aka riga aka yashe a watan Yuli.