Iyakar kotu daban, iyakar jiha daban

Mutane da yawa na ɗauka hurumin kotu yana tsayawa daidai inda iyakar jiha ta tsaya, kuma haka yake tun fil'azal. Ba haka ba ne. Doka ce ke shata shi, ita ce kuma ke sauya shi idan jama'a ta ƙaru ko ƙararraki suka yi yawa.

Dubi Amurka. A 1789 gundumomin kotun tarayya 13 aka kafa, alhali jihohi 11 ne kacal a tarayyar. Maine da Kentucky ba su zama jihohi ba tukuna, amma kowacce an ba ta tata. Yau gundumomin 94 ne. Wani abin mamaki ma, wanda ya aikata laifi a ɓangaren gandun dajin Yellowstone da ke jihar Idaho, kotun tarayya ta jihar Wyoming ce ke da hurumin shari'arsa.