Lasifikar Sutudiyo Ba Don Daɗin Sauraro Aka Yi Ta Ba

Mutane da yawa, idan za su sayi lasifikar da za su riƙa haɗa sauti da ita a sutudiyo, sukan zaɓi wadda ta fi daɗi a kunne, wato mai amo mai nauyi da kaifin murya. Wannan kuskure ne, domin aikin irin wannan lasifika shi ne ta fito da sauti yadda yake, ba tare da ta yi masa kwalliya ba. Idan ita da kanta tana ƙara wa amo mai nauyi ƙarfi, mai haɗa sautin zai rage shi, sai aikin ya fito a rame idan aka saurare shi a mota ko a waya. Shi ya sa lasifikar Yamaha NS-10, wadda ta fito a 1978, ta zama abin dogaro a manyan sutudiyoyi duk da cewa ba a yabon daɗinta, saboda ba ta ɓoye aibi.

Girma ma ba shi ne inganci ba. A ƙaramin ɗaki, lasifika mai faɗin baki inci 8 takan cika wurin da amon da bango ke dawo da shi, alhali mai inci 5 ta fi bayyana gaskiyar aikin. Ana ajiye lasifika biyu kimanin mita 1 zuwa 1.5 daga mai sauraro, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa kansa, ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti kuma ya kasance daidai da kunne.