Wasan da ke tafiya a waya ya fi rahoto mai babi biyar da ke ajiye a kan kanta

Ana yawan cewa rashin wuta da tsofaffin kwamfutoci ne ke hana ɗalibanmu na Jos haɗa wasan bidiyo mai kyau idan an zo aikin kammala digiri. Akwai gaskiya a ciki, amma ni ina ganin tun ranar zaɓen take ake yin asarar. A nan Jamus, ɗalibi kan zo da shawarar wasa mai fili ɗaya da doka ɗaya, malami kuma ya ce a ƙara rage shi. A gida sai ka ga ɗalibi shi kaɗai ya rubuta cewa zai gina wasan ƙwallon ƙafa na mutum goma sha ɗaya-ɗaya, ana buga shi ta intanet, cikin wata huɗu. A amince masa, ya cika babi biyar na rahoto, a ɗaure da bango mai kauri, ranar kare aiki kuma hotuna kawai za a nuna, don wasan ya ƙi buɗewa.

Batun kayan aiki ya yi sauƙi yanzu. Godot, manhajar haɗa wasannin bidiyo, kyauta ne, bai kai megabait 100 ba wajen saukewa, ba ya buƙatar rajista, kuma yana tashi daga filas ba sai an girka shi ba. Mutum ɗaya ya sauke, aji duka ya kwafa. Unity kuwa, wata manhajar irinsa, gigabait da yawa yake ci, ga buɗe asusu. Mai tsohuwar laftof ya zaɓi tsarin Compatibility, wanda aka yi don tsofaffin kwamfutoci, tun wajen buɗe sabon aiki a Godot 4, ya tsaya a 2D, wato wasa mai shimfiɗaɗɗen hoto marar zurfi.

A ɗauki misali: Keke Napep daga Terminus zuwa Farin Gada a cikin Jos, layi uku, ramuka na gangarowa daga sama, ɗan wasa na kaucewa hagu ko dama. Makon farko babu zane ko ɗaya. Murabba'i kore shi ne keke, baƙi shi ne rami. Mako na biyu a sa karo da ƙidayar maki da maɓallin sake farawa. Idan da waɗannan murabba'an wasan bai yi daɗi ba, zane ba zai cece shi ba. Wannan shi ne abin da na fi so mu ɗauka daga nan Jamus: kowane mako sai ɗalibi ya nuna abin da ke motsi a allo, ko da mummuna ne, rubutun rahoto yana biye da aikin a baya.

Kurakuran ma sanannu ne. Na farko shi ne ɗaure gudu da yawan hotunan da na'ura ke zanawa. Ɗalibi ya rubuta cewa rami ya matsa fiksel 5, wato ɗigon allo biyar, a kowane zane. A laftof mai zane 60 a daƙiƙa, fiksel 300 ke nan. A ƙaramar waya da ta sauka zuwa 30, gudun ya koma 150, wasan ya zama wani daban. Maganin shi ne a rubuta gudun a matsayin 300 a daƙiƙa, a ninka shi da delta, wato lokacin da ya wuce tun zanen baya. Na biyu, ramukan da suka fice ta ƙasan allo ba su mutu ba, suna can suna taruwa a ƙwaƙwalwar waya. Bayan 'yan mintuna sai wasan ya fara ɗingishi. A kira queue_free(), umarnin Godot na goge abu, a kan duk wanda ya fita. Na uku namu ne masu rubuta Hausa: yawancin salon haruffan wasanni ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai “Ka faɗa rami” ya fito da ɗan akwati a madadin ɗ. Salon haruffa na Noto Sans na da su, kuma kyauta ne.

Sai fitar da wasan zuwa Android, inda da yawa ke kwana a zaune daren jajibirin kare aiki. Godot na buƙatar JDK da Android SDK, wato kayan haɗa manhajar Android, da fayilolin fitarwa masu daidai da sigarsa, waɗannan kuwa suna cin data ba kaɗan ba. A yi wannan a mako na uku, lokacin da wasan bai wuce murabba'i biyu ba, a tabbatar APK, wato fayil ɗin girka wasan, ya buɗe a waya ta gaske. Git kuma, manhajar adana matakan aiki, ba ya buƙatar intanet wajen adana mataki. A adana duk lokacin da wani abu ya yi aiki, a tura GitHub, shafin ajiyarsa a intanet, ranar da aka samu data. Inda wuta kan ɗauke ba sallama, wanda bai yi haka ba shi ya so.

Akwai inda ɗalibin Jos ya fi na nan. Masu gwaji ba sai ya neme su ba: ya tura APK ta Xender a ɗakin kwanan ɗalibai a Naraguta, kafin magariba mutum goma sun buga, a kan ƙananan wayoyin da wasan zai rayu a kansu. Abin da zai gina ma yana gabansa, daga dara zuwa cunkoson Bauchi Road. Sai dai gwajin na da ladabi. Ka miƙa waya, ka yi shiru, kada ka yi bayanin komai. Rubuta inda yatsan mutum ya fara taɓawa, da daƙiƙar da ya faɗa rami na farko, da ko ya danna sake farawa da kansa. Idan uku cikin biyar sun mutu kafin daƙiƙa 10, rage gudun farko zuwa 200, ka riƙa ƙara 20 duk bayan daƙiƙa 15. Teburin wannan gwajin, na kafin gyara da na bayansa, shi ya kamata malamai su nema a babi na huɗu, sannan mai jarrabawa ya karɓi wayar ya buga da hannunsa kafin ya ba da maki.