Gambo Sawaba: Muna yaɗa hotonta, muna ɓoye waɗanda suka ɗaure ta

Duk ranar 8 ga Maris, wai ranar mata ta duniya, sai ka ga hoton Hajiya Gambo Sawaba ya cika Facebook, kowa na rubuta jaruma, uwa, Allah ya jiƙan maza. Madalla. Amma ka karanta rubutun har ƙarshe, za ka ga an ce an ɗaure ta sau 16, an yi mata duka, an kore ta daga Kano, kuma ko sau ɗaya ba a faɗi wane ne ya yi ba. Sai "an", "an", "an", kamar aljanu ne suka sauko suka yi aikin.

Toh ba aljanu ba ne. Hukumar En'e ce, wato hukumar gargajiya ta zamanin Turawa, da 'yan dokanta da kotunan alƙalanta da gidajen yarinta, kuma duk suna ƙarƙashin sarakuna ne a wancan lokacin, sarakunan kuma jam'iyyarsu NPC ce, wato jam'iyyar Sardauna mai mulkin Arewa. Ita ko Gambo 'yar NEPU ce, jam'iyyar adawa da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, kuma tana da ƙuruciya sosai ta shige ta, don a 1933 aka haife ta. Mahaifinta mutumin Ghana ne da ya yi aiki da reluwe, mahaifiyarta Banufiya, ita kuma a Zariya ta tashi, ba ta yi nisa a boko ba, an yi mata aure tana 'yar shekara 13. Yarinya irin wannan ce ta riƙa shiga gidaje tana yi wa matan kulle bayanin siyasa, ta hau mumbari a gaban maza a zamanin da namiji ma sai ya yi shahada kafin ya hau, ta je har Abeokuta wajen Funmilayo Ransome-Kuti, shugabar gwagwarmayar mata a can, don ta ga yadda matan can suke tafiyar da tasu gwagwarmayar. Masu rubuta tarihinta sun ce a gidan yari har da fasasshiyar kwalba aka aske mata kai.

Kuma me take nema da har ya kai ga haka? A bar mata su yi zaɓe, a sa 'ya'ya mata a makaranta, a daina aurar da su da ƙuruciya, a daina aikin tilas. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, namu na Arewa suna gida, saboda shugabannin NPC sun ce lokaci bai yi ba. Sai a 1976, ƙarƙashin mulkin soja, aka ba su dama a zaɓen ƙananan hukumomi. Wato sojoji ne suka ba uwayenmu abin da 'yan siyasarmu suka hana su.

Na san abin da wasu za su ce, wai tone-tone ne, wai ana so a zubar da mutuncin Sardauna da sarakuna, abin da ya wuce a bar shi ya wuce. Ni ban ga haka ba gaskiya. Babu mai hankalin da zai ce Sardauna bai yi wa Arewa aiki ba, jami'ar ABU da aka buɗe a 1962 kaɗai ta isa shaida. Amma shi ma mutum ne, jam'iyyarsa kuma ta yi kuskure a kan wannan magana, kuma faɗin hakan ba zagi ba ne. Abin da yake damuna shi ne mun mayar da rubuta tarihin manyanmu kamar ta'aziyya, kowa mutumin kirki ne, kowa ya yi haƙuri, babu wanda ya taɓa faɗa da wani, to idan kowa na kirki ne don me aka cika gidajen yari da 'yan NEPU, kuma yaron da ke karantawa yau ta ina zai gane me ya sa kakansa ya bar garinsu ya koma Jos ko Kaduna?

Ita ma Hajiya ba sai an mayar da ita waliyiya ba. Mace ce mai zafin kai, ba ta barin ko-ta-kwana, kuma a jamhuriya ta biyu GNPP ta Waziri Ibrahim ta shiga, alhali yawancin tsofaffin 'yan NEPU sun bi Malam Aminu Kano zuwa PRP. Wannan ma abin a zauna a yi bincike ne a rubuta, ba a tsallake shi don bai dace da hoton ba.

Ta rasu a 2001. An sa wa babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya sunanta, ba laifi, sa suna ba ya cin kuɗi. Amma a watan Maris ɗin 2022 majalisar tarayya ta yi fatali da ƙudirorin da suka nemi a ƙara wa mata kujeru, kuma har yau ba a taɓa zaɓen mace gwamna a Najeriya ba. Ina ma malaman tarihi na ABU da BUK su zauna da tsofaffin Sabon Garin Zariya da suka san ta ido da ido, su naɗi bakinsu, su nemo takardun shari'o'in da aka yi mata a gidan adana tarihi na Kaduna, su fitar da littafi da Hausa mai sauƙin kuɗi, da sunan kowane alƙali da hukuncin da ya yanke a ciki.