Ciwon damuwa: a Ingila tambaya ake fara yi, a gida taifod ake fara nema

Mace ta je asibiti a gida Najeriya tana cewa kanta na sara, jikinta ya mutu, barci ya ƙaurace mata, abinci ba ya mata daɗi. Kafin ta rufe baki an rubuta mata gwajin maleriya da na taifod. Ta shanye magani, bayan wata guda ta dawo da kuka iri ɗaya, a sake rubutawa. A nan Ingila inda nake zaune, likitan unguwa da ya ji waɗannan alamu tambaya biyu zai fara yi: a watan da ya wuce, kina yawan jin ƙunci ko fid da rai? Abubuwan da a da suke faranta miki rai, yanzu sun fita daga ranki?

Idan ta ce e, sai a ɗauko takardar PHQ-9, tambayoyi tara kan makonni biyun da suka gabata, kowace da maki 0 zuwa 3, jimilla 27. Daga 10 zuwa sama abin ya wuce a ce mata ta yi haƙuri. Tambaya ta tara ita ce wadda mu muke jin nauyinta, wato ko tana tunanin gara ta mutu. Yin ta ba ya cusa wa mutum tunanin. Gwajin jini yana da wurinsa, don ƙarancin jini da matsalar tayirod, wata halitta da ke gaban wuya, suna kama da wannan ciwo, amma bayan an yi tambaya.

A ganina, inda aka fi barin mu a baya shi ne bibiya. A nan yawanci da maganin damuwa sertraline miligram 50 a rana ake farawa, ko fluoxetine miligram 20. Tashin zuciya da ciwon kai kan zo a makon farko, sauƙi kuwa sai bayan mako biyu zuwa huɗu. Wanda ba a yi wa wannan bayani ba, rana ta biyar zai ajiye ya ce maganin bai karɓe shi ba. Shi ya sa ake sa mutum ya dawo bayan mako biyu, ko mako ɗaya idan matashi ne ɗan shekara 18 zuwa 25. Bayan an warke a ci gaba da sha aƙalla wata shida, a kuma rage a hankali, domin yankewa lokaci ɗaya na kawo jiri da rashin barci. A gida amitriptyline ya fi samuwa saboda arha. Yana aiki, sai dai yana busar da baki, yana sa kasala, kuma shan sa fiye da ƙima na iya tsayar da zuciya. Mai tunanin mutuwa kada a damƙa masa na wata guda, a ba wani babba a gidan ya riƙe. Wanda kuma ya taɓa yin kwanaki ba barci, yana surutu da ɓarnar kuɗi, maganin damuwa shi kaɗai zai iya tayar masa da ciwon, sai likitan ƙwaƙwalwa ya gan shi.

Ingila ma da nata. Mutum zai iya kai kansa NHS Talking Therapies, sashen jinya ta hanyar tattaunawa na hukumar lafiyar Ingila, kyauta, amma akwai layi, kuma yakan yi jiran shi kaɗai a ɗaki, ga duhun hunturu tun ƙarfe huɗu na yamma. Mai jego a gida tana da uwa da gwaggo a kanta, sai dai idan ta daina kula jaririn, shafar aljanu za a fara cewa. A yi ruƙiyya, ban hana ba, amma a haɗa da asibiti.

Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, ta maye gurbin ta 1958. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa, Kware, Dawanau da Maiduguri ba za su iya ɗaukar kowa da kowa ba. Tsarin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya an yi shi ne don ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye ya iya gano ciwon, ya fara magani, ya sa ranar dawowa.