Jinyar ƙashin baya a Mancesta da jinyarsa a Kano

Washegarin ranar da aka yi mini tiyata a ƙashin baya a Mancesta ta ƙasar Ingila, tun jikina bai gama sakin maganin barci ba, wata ma'aikaciyar gashin ƙashi ta tsaya a bakin gadona ta ce in tashi. Na ɗauka kunnena ne bai ji daidai ba. Sai ta nuna mini yadda zan lanƙwasa gwiwoyi, in mirgina gefe gaba ɗaya kamar gungumen icce, in sauke ƙafafu ƙasa, sannan in tokare da hannu in miƙe ba tare da na murɗa ƙugu ba. Na taka zuwa bakin ƙofa ina haɗa gumi, a raina ina cewa mutanen nan ba su da tausayi. Kwana biyu da aikin, bayan ta ga na hau matakala na sauko, aka sallame ni.

Abin da ya kai ni asibiti sananne ne ga masu fama da ciwon baya. Tsakanin ƙasusuwan baya akwai wani faifai mai taushi da ke hana su gogar juna, nawa kuwa, wanda ke tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar na ƙugu, shi ne ya ɓullo ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa, har ya zamana zafi na tashi daga ɗuwawu ya dire a babban yatsa. Likita ya cire ɓangaren da ya ɓullo cikin ƙasa da awa biyu. Yankan ƙarami ne, jinyar ce ta ɗauki watanni, kuma a cikinta ne na dinga tuna kawuna, wanda aka yi wa irin wannan aiki a wani asibiti a Kano shekara guda kafin nawa.

Kano ba baƙuwar aikin ƙashi ba ce, domin asibitin ƙashi na Dala yana nan tun 1959, kuma aikin da aka yi wa Kawu ya yi kyau. Likitocinsa sun faɗa masa abin da nawa suka faɗa mini: ya riƙa takawa kaɗan kaɗan kullum, kada ya sunkuya, kada ya ɗauki abu mai nauyi, kada ya murɗa jiki har kusan mako shida. Amma da ya koma gida sai ƙauna ta yi masa ƙawanya. Da ya yunƙura zai tashi, mutum uku sun taso da “Alhaji, koma ka kwanta, me kake so a kawo maka?” Buta a kawo, abinci a kawo, ruwan alwala a zuba masa a kwance. Ya yi kusan wata biyu bai wuce ƙofar ɗaki ba, ƙafafunsa suka sirance, bayansa ya sage, kuma ranar da ya tashi da gaske sai da ya koyi tafiya kamar yaro mai tatata.

A ganina wannan shi ne babban kuskuren jinyarmu. Mun ɗauka hutu shi ne kwanciya, kuma mai jinya nagari shi ne wanda ba ya barin majinyaci ya ɗaga ko tsinke. Ga mai zazzaɓi wataƙila haka ne, amma ga wanda aka taɓa wa ƙashin baya doguwar kwanciya cuta ce ta biyu. Naman da ke riƙe baya yana raunana, jini na iya yin guda a jijiyar ƙafa har ya haura huhu, shi ya sa a nan aka sa mini wata matsattsiyar safa tun ina asibiti, ciki kuma ya ɗaure, musamman da yake magungunan kashe zafi masu ƙarfi da kansu suna kawo maƙarƙashiya. Matar da na zarga da rashin tausayi ta fi 'yan'uwan Kawu yi wa majinyacinta gata, ko da yake ba ta ce mini sannu ba sai sau ɗaya.

Rashin sannun nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban san nauyinsa ba sai da na koma gida. A watan Disamba aka yi mini aikin, lokacin da rana ke faɗuwa a Mancesta tun kafin ƙarfe huɗu na yamma. Maiɗakina ta koma aiki bayan mako guda, yara suna makaranta, ni kaɗai a gida da agogo da takardar motsa jiki manne a jikin firij. Wata rana cokali ya suɓuce mini ya faɗi ƙasa, na tsaya ina kallonsa, ga shi a gabana amma an hana ni sunkuyawa, sai kawai na ji hawaye, ni da ban yi kuka ba ranar da aka shiga da ni ɗakin tiyata. A ranar na tuna ɗakin Kawu da takalma jibge a bakin ƙofa, wannan ya shigo da lemo da ayaba, wancan ya tura 'yan kuɗi ƙarƙashin matashi, liman ya zo da jama'a bayan la'asar, kowa yana “ya jiki, Allah ya sa kaffara ne.” A nan mutum sai ya buga waya ya nemi izini kafin ya zo dubiya, kuma 'yan'uwanmu Hausawa da ke garin, Allah ya saka musu, sai ƙarshen mako suke samun sarari.

Duk da haka ba zan ce cikar ɗaki tana warkar da zuciya ba. Da na matsa wa Kawu da tambaya a waya, bayan ya gama “Alhamdulillahi, da sauƙi” ɗin da ya saba, sai ya ce, “Ɗana, wallahi akwai daren da ba na runtsawa, ina tunanin ko zan sake zuwa kasuwa da ƙafata.” Bai faɗa wa kowa a gidan ba, domin dattijo ba ya kai kukansa ga iyalinsa, kuma duk wanda ya soma irin wannan magana amsar da zai samu ita ce ya yi haƙuri. Haƙuri wajibi ne, amma bai kamata ya zama marufin bakin majinyaci ba. A nan, ranar da na koma ganin likitan unguwa, ya tambaye ni yadda nake barci da ko raina na yawan ɓaci kafin ya duba ɗinkin. Shi ne kuma ya gaya mini cewa jijiyar da ta daɗe a danne tana ɗaukar watanni kafin ta huce, saboda haka zugi ko mutuwar yatsa da ke dawowa jefi-jefi ba alamar aikin ya lalace ba ne. Abin da zai sa in garzaya asibiti ko da tsakar dare shi ne kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko mutuwar jiki a matsematsi, ko raunin ƙafa da ke ƙaruwa, ko zazzaɓi da ruwa daga ɗinki. Sanin wannan kaɗai ya rage mini rabin fargaba.

Batun kuɗi a taƙaice yake. Hukumar lafiya ta Ingila, wadda aka kafa a 1948, ba ta karɓi ko kwabo a hannuna ranar aiki ba, sai dai na sha jira, kuma ma'aikacin da ya kwanta yana da kuɗin rashin lafiya har mako 28. Kawu kuwa karo-karo aka yi masa, kuma da kuɗin suka ja baya gashin ƙashi aka fara yankewa, wato abin da ya fi buƙata.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da takardar asibitin nan ba ta san da su ba, domin ba a rubuta ta don mai zama a tabarma, ko mai tsuguno a masai, ko mai hawa adaidaita sahu a titi mai ramuka ba. Ba ta san sujada ba. Na yi makonni ina salla a kan kujera, kuma duk da na san hadisin Imrana ɗan Husaini, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe, zuciyata ba ta daina jin kamar na rage wani abu ba. Da na gwada wa mai gashin ƙashin yadda ake ruku'u da sujada, sai ta tsara mini su mataki mataki, ta ce in fara durƙusawa a gwiwa ina dafa kujera, bayana a miƙe.

Yanzu ƙanwar maiɗakina ce ke jiran irin wannan aiki a Kano. Na roƙi a ware mutum ɗaya a gidan, cikin masu yawan cewa sannu, wanda aikinsa kawai ya riƙe mata hannu su zaga tsakar gida sau uku a yini, kuma in sun zauna ya tambaye ta yadda ta kwana, ya jira amsar da ke bayan “da sauƙi.” Kujerar masai ta roba na riga na aika kuɗinta.