Bigoniya za ta rayu a Sakkwato, amma ba a cikin baƙar roba ba

Duk shekara da zarar damina ta kankama, sai ka ga masu sayar da fulawa a bakin titi sun jera bigoniya, ja da fara da ruwan hoda. Mutane su saya da murna, kafin watan Afrilu ya ƙare yawancinsu sun bushe ƙurmus. Daga nan sai a yanke hukunci, wai wannan fure ba na ƙasarmu ba ne. Ni dai ban yarda da hukuncin nan ba, kuma yana damuna, domin shi ke sa mutanen da ke da sha'awar shuka su haƙura tun a karon farko.

Bigoniya dangi ce babba, nau'inta ya haura 2,000, kuma mafi yawansu a ƙarƙashin manyan itatuwa suke tsirowa, a dazuzzuka masu danshi na Kudancin Amurka da Afirka da kudancin Asiya. Wato tun asali 'yar inuwa ce. Mu kuma sai mu ɗauke ta mu ajiye a tsakiyar gida kan siminti, a garin da zafi ke wuce digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, sannan mu ce ba ta da ƙwari.

Gaskiya ne akwai wadda ba za ta yi ba ko me ka yi mata. Mai manyan furanni cunkus, wadda ke da curi a ƙasa irin na dankali, asalinta tsaunukan Andis ne na Peru da Bolibiya, inda dare ke da sanyi. Ita ce ta fi kyau a hoto, ita ce kuma ta fi saurin mutuwa a nan. Don Allah kada ku ɓata kuɗinku a kanta. Mai ganye zane-zane da ake kira rekis, 'yar arewa maso gabashin Indiya, ita ma tana son laima a iska fiye da yadda hunturunmu zai bari, sai wanda ya ƙware. Wanda zai fara, ya nemi ƙaramar nan mai ganye mai kauri da sheƙi, musamman wadda ganyenta ya yi ja-ja, domin ta fi mai kore jure haske. Ko kuma doguwar mai kara gaɓa-gaɓa da ɗigon fari a ganye, wadda asalinta Barazil ne. Waɗannan biyun su ne na ga suna tsallake bazara a gidajen da aka kula da su.

Inda na fi so mu tsaya mu yi tunani shi ne maganar tukunya. Baƙar robar da ake sayar da fulawa a ciki tana shan zafi, ka taɓa gefenta da azahar ka ji. Saiwar bigoniya siririya ce, kuma ba ta nitsewa can ƙasa, a saman ƙasar take yawo, don haka ita zafin ke fara dafawa. Ganye ya yi laushi, mai gida ya zaci ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, ruwan ya ɗumama a cikin robar, gindin karan ya yi baƙi ya ruɓe. Mutum ya kashe shukarsa da hannunsa yana ganin taimakonta yake yi.

Alhali maganin yana hannun maginan tukwanenmu. Tukunyar ƙasa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, iska ta kwashe shi, cikinta ya yi sanyi. Abin da ke sa ruwan randa sanyi ke nan ba tare da wutar lantarki ba. Marigayi Muhammad Bah Abba, malami a Jigawa, da wannan hikima ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. To me zai hana mu yi wa fulawa haka? Ka sa tukunyar bigoniya cikin wata da ta fi ta girma, ka cika tsakaninsu da rairayi, ka riƙa jiƙa shi safe da yamma a watannin zafi. Amma lalle a huda gindin ta ciki da ta wajen, ruwa ya samu hanyar fita.

Wata inna a unguwarmu tana da guda uku a gindin randa, ƙarƙashin dogon yaro, jikin bangon da rana ba ta dukansa sai da sassafe. Ƙasar wurin kullum da ɗan danshi, ga asabari ta rataya ta ɓangaren yamma. Na tambaye ta sau nawa take ba su ruwa. Ta ce, "Ɗana, ni ba ni ƙirgawa. Yatsa nika sawa, in na ji ƙasa ta bushe in ba su, in da sanyi-sanyi in ƙyale su." Na duba ganyen, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi kamar yadda na bigoniya yake, babu ƙuna ko a baki. A rassan ga fure namiji ga mace a jikin shuka guda, macen da 'yan fukafukai uku a bayanta.

Ƙasar shuka kada ta zama laka. Rairayi mai tsakuwa, da taki wanda ya ruɓe sosai, da ɓuntun shinkafa, da ɗan dakakken gawayi sun wadatar. Ɗanyen kashin kaji ƙona ta zai yi.

Mutane sun fi tsoron bazara, amma hunturu ma yana da nasa sharrin. Iskar busasshiya ce, tana sa bakin ganye ya yi ruwan ƙasa ya ƙeƙashe, ƙura kuma ta lulluɓe shi. A lokacin sai a tara tukwanen wuri guda su riƙa ba juna laima, a kare su da zana ta inda iska ke kaɗowa, a goge ganyen da jiƙaƙƙen tsumma da safe. Da damina kuwa a janye su ƙarƙashin rumfa, kada ruwan indararo ya riƙa zuba a kansu. In ka ga wasu farare-fararen ƙwari sun taru a hammatar ganye, ka share su tun suna kaɗan. Sannan a nisanta ta da ƙananan yara da mage da awaki, domin tana da guba in an tauna, musamman ɓangaren da ke cikin ƙasa.

Na san za a ce a garin da ake sayen ruwa wurin 'yan garuwa, wa ke da na ba fulawa? Magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Sai dai tukunya biyu ko uku ba sa shan abin da ya wuce ragowar ruwan alwala da na ɗaurayar shinkafa, wanda dama zubarwa muke yi. Mai sabulu ne kawai ban da shi.

Roƙona ga masu sayar da fulawa shi ne ku riƙa faɗa wa mai saye gaskiyar wace iri ce, da inda ya kamata ya ajiye ta. Wanda kuma ke da mai rai a gida, ya jira Yuli ko Agusta lokacin da iska ke da laima, ya yanko reshe mai tsawon yatsa daga ƙasan gaɓa, ya cire ganyen ƙasa, ya soka a rairayi mai danshi cikin inuwa. Cikin 'yan makonni zai yi saiwa, ya miƙa wa maƙwabcinsa a tukunyar ƙasa.